Yadda Bebiya Ta Kai Inna Zabori

Gaya, ranar Laraba

Zuwa ga yayata Aishatu, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa da ban-gajiya, Yaya, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta tarar da ke cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarku. Allah ya ba ki sauƙin gwiwar nan da ke matsa miki, ya sa albarka a kasuwarku, ya tsare ku daga sharrin baƙunta. Mu nan sai godiya. Kogi ya cika bana har ya leƙo gonakin ƙasa, amma ya ja da baya bai yi ɓarna ba. Shinkafa ta yi kyau, rake ya fara shigowa kasuwa. Inna lafiyarta lau, tana cin tuwonta, tana faɗanta kamar yadda kika bar ta. Zara ta ci jarabawar birebe, yanzu a gidan nan ba mai magana sai ta gyara masa Faransanci.

Na ji an ce hankalinki ya tashi da kika ga hoton nan da ke yawo a waya, na motar Maigida shanu na jan ta, har kika aiko ana tambaya ko karayar arziki ce ta same mu. Shi ya sa na ce ba zan ba ki labarin a waya ba, inda magana ke yankewa ana tsakiyarta. Na zauna na rubuta, ki karanta a tsanake, ki yi dariya son ranki, don mu ma mun gama tamu.

Kin san shekarun da Maigida, baban Zara, ya yi yana jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Kwatano da Yamai. Bara likita ya gaya masa ƙirjinsa ba zai ƙara ɗaukar hayaƙin man gazuwal ba, in yana son ya ga auren 'ya'yansa ya sauka. Ya sauka, amma zaman gida ya fi tarin cin sa. Mutumin da ya saba kwana a hanya, sai ga shi yana ƙirga kajina, yana tambayar dalilin da ya sa na sa gishiri kafin daddawa. Ana haka wani ɗan kasuwa ya shigo da wata 'yar farar mota ta hanyar Kamba, ta hannu ce, ba ta shan mai, kuran, wato lantarki, take sha kamar waya. Maigida ya zagaya ta, ya durƙusa ya nemi bututun hayaƙi bai gani ba, ya dawo gida idonsa na ƙyalli kamar na ango. Ban hana shi ba. Ya ce zai riƙa ɗaukar fasinja zuwa Bana da ƙauyukan kusa, ya kwana a gidansa kullum.

Kwanakin farko, Yaya, garin nan bai da wani zance. Mota ce ba ta da murya ko kaɗan, sai dai ki ga ta tsaya kusa da ke. Awaki ba sa kauce mata, kaji ba sa tashi, wani tsoho a bakin kasuwa ya jingina da ita yana cin goro bai san da mutum a ciki ba har ta motsa. Matan da ke sayar da kifi ne suka raɗa mata suna Bebiya, sunan kuwa ya bi ta. Su ne ma suka fi son ta, wai a cikinta ana jin gulma sarai ba sai an ɗaga murya ba.

Da zafi ya shigo sai ta fara nuna hali. Rana na take sai ƙarfinta ya ragu, wani ɗan hoton kunkuru ya fito a gaban direba, ta koma tafiya kamar mai ciwon baya, har masu keke na wuce ta suna gaishe da Maigida da gangan. Rubutun da take nunawa kuma duk na Sinanci ne. Wata maƙwabciyarmu ta rantse kunkurun nan sammu ne, ta ce a nemo malami. Ga kuran na gari, yau akwai gobe babu, in ya dawo kuma ya dawo da ƙarfi kamar mai fushi. Maigida ya kai ta garajin Alfari, abokinsa makaniki da suka yi shekaru tare. Alfari ya buɗe gabanta, ya daɗe yana kallo, ya rufe a hankali, ya ce shi duk motar da ke tari ko zawo ya san maganinta, amma bai taɓa yi wa marar hanji magani ba.

Ranar hoton nan kuwa, matan kifi ya ɗauko da sassafe za su kasuwar Bana. Sun wuce rabin hanya sai komai ya mutu lokaci guda, ba kunkuru, ba Sinanci, ba fitila. Abin da ya fi muni, bayan motar da aka zuba kifin ya ƙi buɗuwa, don shi ma da kuran yake buɗewa. Matan nan suka tsaya a rana suna jin ƙamshin jarinsu yana sauyawa, suna zagin Bebiya da Hausa da Dandanci. Wani manomi ne ya tausaya ya kwance shanunsa daga amalanke ya jawo ta har gida, yara na biye da waƙa, wani ɗan banza kuma ya ɗauki hoto. Sai washegari Alfari ya samu ya buɗe bayan ta ciki. Ba zan gaya miki abin da muka tarar ba, kina iya cin abinci. Maigida ya bi matan gida-gida ya ba su haƙuri ya sallame su, ni kuma na yi ta wanki da toka da lemun tsami har hannuna ya yi fari. Wanda ya sayar da motar, wayarsa ba ta ƙara shiga ba.

A nan ne dariya ta ƙare mini. Motar ta zauna ƙarƙashin mangwaro kaji na kwana a kanta, Maigida ya daina zuwa fada wurin abokansa don ba'a ta yi yawa. Wata rana na ji shi a zaure yana tambayar wani tsohon ubangidansa ko akwai kamiyon da ba shi da direba. Gabana ya faɗi, Yaya, don ni ce ke jin numfashinsa in ya kwanta. Na yi masa magana, ya ce gara tari ya kashe shi a kan hanya da a ce zama ya kashe shi a tsakar gida.

Allah da ikonsa, a satin nan na tafi Doso biki. Muna shiga gari sai na hango irin motarmu sak, sai dai ita shuɗiya ce, a ƙofar wani kantin magani. Na sa direba ya tsaya, na sauka da ƙullin kayana, na shiga kantin ba ciwon komai. Mai motar wata mata ce, Hajiya Nuriya. Ina ambaton kunkuru ta fashe da dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe ita ma tana da 'yar'uwa a wahala. Ita tata jaki ne ya taɓa jan ta. Ta zaunar da ni, ta ba ni ruwa, ta ce akwai su 'yan kaɗan masu irin motocin nan, wani a Yamai, wani a Parakou, wani a Birnin Kabi, sun haɗa kansu a waya, duk wanda tasa ta yi masa wani sabon wulaƙanci sai ya faɗa wa saura, tun da ba garajin da ya san su. Nan take ta sa lambar Maigida a cikinsu. Na rasa ɗaurin auren, amma ban yi da-na-sani ba.

Daga ranar gidanmu ya zama lakkol, makaranta sosai. Maigida da Alfari da Hama, mai haɗa wa mutane fano na hasken rana, suka tare ƙarƙashin mangwaro da waya a tsakiya, ana turo musu murya da hotuna. Ashe kunkuru ba sammu ba ne, motar ce ke cewa batirinta ya yi zafi, a bi ta a hankali. Da suka kwance wurin da iska ke shiga, suka tarar ƙura da ƙaiƙayi sun toshe shi, ɓera ma ya yi ɗaki har da 'ya'ya. Mutuwar hanyar Bana kuma, wani ɗan akwati ne da ke ciyar da ƙaramin batir ya ƙone, shi kuwa ƙaramin in ya mutu sai ya rufe komai, ko da babban a cike yake. Hajiya Nuriya ta yi ta jan kunnensu kada wanda ya taɓa wayoyin nan masu launin lemu, wai ba sa gargaɗi sau biyu. Da kin ga Alfari, ƙaton mutum, da safar roba har gwiwar hannu, tsaye kan katako yana karanta duk addu'ar da ya sani. Mutumin Parakou ya samo akwatin a Kwatano, aka haye da shi kogi cikin kwale-kwale daga Malanbil tare da buhunan albasa. Da aka zo sawa bakinsa bai dace ba, aka mayar, aka sake jira. Na biyun ya shiga daram. Da fitilun suka kama, manyan mutanen nan uku suka yi ta tsalle kamar yara, ni ma na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya haihu. Hama ya kafa mana fano a kan rufi, yanzu rana take sha, ba ruwanta da fushin kuran na gari.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin san Inna da warin mai, yadda ko tasha ta wuce sai ta yi amai, har ta yi rantsuwa ba ta ƙara shiga mota. Kin kuma san rabonta da yayarta Iya Ma'u ta Zabori tun rasuwar Baba, ita Iya ido ya yi rauni, Inna kuma ba ta hawa mota, sai saƙon gaisuwa kawai. Wata safiya Inna ta fito ta zagaya Bebiya tana shinshinawa, ta buɗe ta zauna, ta daɗe, sannan ta aika a kira surukinta. Ta tambaye shi ko abin nan zai iya kai ta Zabori. Maigida ya sunkuyar da kai ya ce in Allah ya yarda zai kai ta.

Tafiyar ta fi ƙarfin abin da motar ta saba, hanyar ma ba duka ke da kyau ba. Alfari ya ce a ɗauki gurup, injin nan na ba da wuta, saboda tsaro. Maigida ya ce abin kunya ne, Inna ta ce in abin mai ya shiga motar ita ta fita. Ni na raba gardama, na ɗauki ɗan kabu-kabu ya ɗaure gurup a bayansa ya biyo mu daga nesa, inda iska ba za ta kawo warin ba. Muka tashi bayan asuba da sanyi. Inna ta sa a sauke gilashi, ta yi ta kallon giginya tana kiran sunan kowane gari kafin mu kai, tana ba mu labarin inda suka ci muruci suna 'yan mata. Ko sau ɗaya ba ta nemi kwano ba. Har waƙa ta yi, Yaya, Inna da bakinta.

Muna hango rumbunan Zabori sai kunkuru ya fito. Na dubi Maigida, ya dube ni. Ya ce ba zai tsaya kunna gurup a bakin gari ba, sannu ba ta hana zuwa. Haka muka shiga, mota na rarrafe, ba ƙara, mutane na fitowa suna tafiya tare da mu suna yi mana sannu ta taga kamar muna zaune a zaure. Labari ya riga mu isa. Sai ga Iya Ma'u an riƙo ta, ta ƙi jira a gida. Ta lalubo motar, ta lalubo taga, ta kama hannun Inna, ta kira ta da sunan nan na yarinta da ba mai kiran ta da shi yanzu. Ba ta saki ba, Maigida kuma bai tsaya ba. Haka suka ƙarasa har ƙofar gida, ɗaya a ciki ɗaya a waje, hannu cikin hannu, tsohuwa mai sanda ba ta ko yi haki ba. Na juya in yi wa Maigida magana na ga hawaye na bin gemunsa. Kwana muka yi a can, gurup na can bayan rumbu yana ta aikinsa, tsofaffin nan biyu kuwa tabarma ɗaya, akushi ɗaya, ba a jin komai sai dariyarsu.

Yanzu Bebiya ta koma hanyar Bana, matan kifi sun yafe mata, sai dai kifin a cinya suke riƙe shi. Takan yi halinta jefi-jefi, ba zan ɓoye miki ba, makon jiya ma na'urar sanyinta ta tsaya. Amma Maigida ya koma fada, tarin ya yi sauƙi, har wani daga Dogonduci ya kira shi yana neman shawara.

Ki gaida Alhaji da kyau, ki ce muna godiya da atamfar da ya aiko. Ki gaida Safiyanu da amaryarsa, da Firdausi, da Kabiru sarkin ƙiriniya. Maigida na gaishe ki, Zara na gaishe ki, Iya Ma'u ta ba ni gishirin Foga da daddawa in aiko miki, suna cikin ƙullin da ke tare da takardar nan. Inna kuma ta ce in rubuta miki da bakinta, kada in sauya ko kalma: ki daina cewa sai baɗi, ki zo da ƙafarki tun tana gane fuska, ita da kanta za ta zo tarbarki a tasha, cikin Bebiya, a gidan gaba.

Allah ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwa har kullum,
Ajuma