Koriyar Langa Ta Daɗe a Kahu

Talata, 27 ga Mayu, 2025

Abdulganiyyu ya dawo daga Kano hutun Sallah. A nan kaɗai nake kiran sunansa, ɗan fari ne, bakina ba ya iya faɗa, amma biro ba ya jin kunya. Ya rame kaɗan. Ya cinye malmala biyu na tuwo, hankalina ya kwanta.

Alhamis, 29 ga Mayu

Tun da hantsi yake zaure shi kaɗai, ya jingina waya a kan bulo yana yi mata magana. Na tsaya bayan ƙofa da tsintsiya. Ayoyi yake jawowa, yana cewa wane ya ce kaza, ga amsa. Da ya shigo na ce, kai, wa'azi ka fara? Ya ce ba wa'azi ba ne, Umma. Mai wa'azi da mutanensa yake magana, shi kuwa waɗanda suke sukar addini yake ba amsa. Wai a Turance suna da suna, afolojis, mai kare abin da ya yi imani da shi da hujja. Na ce hujja kawai, ba sanda? Ya yi dariya ya ce hujja kawai. Na sa ya rubuta mini kalmar a bangon littafin nan.

Na ji daɗi, ban ɓoye ba. Amma na san yadda magana take fara wa mutane a waya ta ƙare a ofishin 'yan sanda.

Lahadi, 1 ga Yuni

An yi ruwa mai kyau. Malam maigidana ya shuka gyaɗa a gonar Zinyau.

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya aka yi Sallah, yau suya. Na ware wa Malama Jummai cinya da hanta a koriyar langa kamar kowace shekara. Shekara tara ke nan. Ita ta koya mini rubutu a ajin manya ina da shekara talatin da takwas, ta riƙe hannuna har na daina karya fensir. Kirista ce, tun da ta yi ritaya ta koma garinsu Kahu. Langar nan ba ta kwana uku a can, kuma ba ta dawowa wayam, ko zuma ko ƙwan zabi. A Kirsimeti tata langar ce take zuwa mini. Na ba Abdulganiyyu ya kai a babur, shi yake kaiwa tun yana sakandare.

Juma'a, 13 ga Yuni

Kwana shida langa ba ta dawo ba.

Litinin, 16 ga Yuni

Hasana maƙwabciya ta nuna mini bidiyonsa a wayar 'yarta, tana ta yaba shi. A ciki ya ce Kiristoci alloli uku suke bauta wa. Mutum dubu huɗu sun kalla, in ji ta. Dubu huɗu. Ai kuwa a cikinsu ba a rasa ɗan Kahu. Na kira Malama sau biyu, wayar tana shiga ba a ɗauka. Na ƙona miya.

Idan ta yanke ni fa? Wa zan nuna wa rubutuna ya gyara mini ƙ da k?

Laraba, 18 ga Yuni

Na yi abin kunya. Na ɗauke bulon da yake jingina waya na kai bayan murhu. Kamar babu wani bulo a duk Rano. Ya ɗauko wani ya jingina wayarsa.

Alhamis, 19 ga Yuni

Gaskiya ta fito. Ramalan direba ya tsaya sayen ƙuli a wurina, yake cewa, Hajiya, tsohuwar nan ta Kahu ta ƙi ba ni kwanonki, wai ba ni ne ɗan aikenki ba. Ashe Abdulganiyyu bai je ba, a tasha ya miƙa wa Ramalan. Na tare yaron a tsakar gida. Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji nauyin haɗa ido da ita bayan bidiyon. Na ce to mutum dubu huɗu ba su ba ka kunya ba sai tsohuwa ɗaya? In hujjar taka ba za ta iya zama a kan tabarmar Malama ba, ban san amfaninta ba. Ban san daga ina maganar ta zo mini ba. Na ce ranar Asabar za ka kai ni.

Asabar, 21 ga Yuni

Mun je. Hanya duk taɓo, sau biyu na sauka na taka da ƙafa.

Malama tana ƙarƙashin darbejiya tana ɓarar gyaɗar iri. Ta dube mu ta saman tabarau ta ce, Saude, kin zo da babban malami. Shi ya durƙusa ya gaishe ta, Mama ina wuni, muryar da take cika zaure ta koma kamar ta kaza. Wayarta kuwa tana wurin mai gyara tun kafin Sallah, ni ina can ina ƙona miya a banza.

Ta ga bidiyon, jikarta ta nuna mata. Ta ce masa, ka iya magana, na ji daɗi, ni na koya wa uwarka baƙi da wasali, ina da kaso a ciki. Amma ka sa mini magana a baki. Shekarata sittin da bakwai ina zuwa coci, ban taɓa cewa Allah uku ne ba. Ɗaya muke cewa. Ka ce ba ka yarda da yadda muke bayaninsa ba, wannan haƙƙinka ne, ka kawo ayoyinka. Amma ka fara faɗin abin da na ce, kafin ka rushe shi.

Na zaci zai yi shiru. Bai yi ba. Ya ce to Mama ki faɗa mini yadda kuke cewa. Ta faɗa, ya maimaita, ta gyara, ya sake maimaitawa har ta ce haka ne. Sannan ya ce to a nan ne ban yarda ba, ya kawo dalilansa a nutse. Ta kawo nata. Ni ina ta ɓarar gyaɗa. Da la'asar ta yi ita da kanta ta sa aka kawo masa buta da tabarma mai tsabta. Ba wanda ya ja wani zuwa addininsa. Ta ce sai ka dawo Kirsimeti mu ƙarasa, ya ce zai zo da littafi, ta ce ka zo da yunwa.

Langa ta dawo da ƙwan zabi ashirin, na rungume ta a babur har gida. Biyu sun fashe.

Talata, 24 ga Yuni

Ya yi sabon bidiyo. Ya ce a baya ya faɗi abin da Kiristoci ba su faɗa ba, wata uwa ta gyara masa, ga abin da suke cewa, ga kuma abin da ya sa shi Musulmi bai yarda ba. Wasu sun zage shi a ƙasan bidiyon, wai ya yi laushi. Na ce ya karanta mini, ya ƙi. Na karɓi wayar na karanta da kaina. Rubutun wasunsu ma nawa ya fi shi.

Laraba, 2 ga Yuli

Ya koma makaranta jiya. Gidan ya yi shiru, gyaɗa ta fito kore shar.

Yau a bakin famfo Hasana ta ce ita dai ba za ta iya cin abin da ya fito daga gidan Kirista ba. Da can sai in ɗauki bokitina in wuce. Yau na ce mata ta faɗa mini dalilinta tukuna. Ta faɗa, na maimaita mata, ta ce haka ne. Sai na ce to ni a Islamiyya an karantar da mu haƙƙin maƙwabci da halaccin abincin ma'abota littafi, in tana so mu je wurin malamin tare ranar Asabar. Har bokitina ya cika ya zube ban lura ba.

Ba wani abu na yi ba, magana ce kawai ta mata.

Bulon nan na mayar da shi zaure, na share wurin. Ba don komai ba, yana tare mini hanya ne a bayan murhu.