Takardar Bindigar Yaya Mus'id

Brooklyn, Amurka
9 ga Rajab

Zuwa ga Yayata Taƙiyya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Yaya ƙafar tata? Ki gaida mini mijinki Yaya Mus'id. Maƙwabciyata Ummu Nashwan ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Ta ce in share hawaye in yi a hankali, alƙalami ba mota ba ne.

Yaya, ki zauna kafin a ci gaba da karanta miki. Mijina Hizam yana tsare, yau kwana shida.

Ranar Talata bayan azahar na sauko masa da abinci shago. Arwa tana sama tana barci, Ghamdan yana kafaɗata. Hizam ya ɗanɗana miyar, ya ce, "Ke Ganiya, hulbar nan ta yi ɗaci, da fushi kika kaɗa ta ne?" Na ce, "To ka auro Ba'amurkiya mana, ta riƙa buɗe maka gwangwani." Muna cikin dariya wani mutum ya shigo ya rufe fuska da hula. Kafin in juya ya cafko mayafina, na ji sanyin ƙarfe a bayan kunnena. Yana ta ihu da Turanci, ni ko kalma ɗaya ban ji ba. Hizam ya buɗe durowa ya tura masa komai. Sai Ghamdan ya tsala kuka. Yaya, mutumin nan ya ɗauke bindigar daga kaina ya mayar kan ɗana. Ɗan wata bakwai fa.

Ban ga lokacin da Hizam ya kai hannu ƙarƙashin kanta ba. Ƙara ɗaya na ji. Mutumin ya rasu a asibiti.

'Yan sanda sun kalli hoton da na'urar shago ta ɗauka, suka ce harbin ba laifi, kare iyalinsa ya yi. Na yi hamdala. Sai suka ce ina takardar bindiga. Hizam ya ciro ta daga bango ya miƙa da hannu biyu. Suka duba suna, suka dube shi. Sunan wansa Yaya Mus'id ne. Ashe a garin nan takardar bindiga ta mutum ɗaya ce kamar fasfo, ba ta shago ba ce, ba ta gida ba ce. Ke kin san yadda suke yi tun kafin a auro mu: wannan ya yi wata takwas a shago, ya tafi gida, wancan ya karɓa. Mai tafiya ya miƙa wa ɗan'uwansa makulli da rigar sanyi da bindiga. Wa ya taɓa tambayar wa da ƙane takarda?

Ga nawa laifin kuma. Tafintan 'yan sanda ya tambaye ni ko Hizam ya san da bindigar. Ni na ɗauka raina shi suke so su yi. Na ce, "Ya za a yi bai sani ba? Duk Juma'a sai ya kwance ta ya shafa mata mai, kamar yadda Babanmu yake yi." Har da ɗaga kai na faɗa, Yaya. Da lauyan Hizam ya ji, sai ya dafe kai. Wai da na yi shiru, da sai ya ce a firgice ya rarumo ta ranar kaɗai. Yanzu bakina ya shaida wata biyar tana hannunsa.

Lauya ya ce in aka kama shi da wannan laifin, bayan kurkuku korarsa za a yi daga ƙasar. Amma in Yaya Mus'id ya zo ya faɗa da bakinsa cewa shi ya bar masa ita, shi ya ce masa takardar ta ishe su su biyu, ana iya sassautawa ya zauna. Za a shiga kotu 25 ga Sha'aban. Ki roƙe shi, Yaya. Ki kama ƙafarsa in ta kama.

Kada a gaya wa Inna tukuna.

Ƙanwarki,
Ganiya

Brooklyn
11 ga Sha'aban

Yayata Taƙiyya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya, ruwa ya sauka, gona ta yi kyau. Saƙonki ya iso, zuma da gahawa, na gode. An karanta mini wasiƙarki sau uku. Gaisuwa ce, da labarin saniyar da ta haihu, da "Allah ya kawo sauƙi". Na ce wa Ummu Nashwan ta juya bayan takardar ko akwai saura. Ta ce, "'Yar nan, ko in lashe ta ne? Babu."

Na je ganin Hizam. Gilashi ne tsakaninmu, da waya muke magana. Ya rame, wuyansa kamar na kaza. Na ɗaga masa Ghamdan, yaron ya yi ta bugun gilashin da tafi. Na ce masa ya yafe mini bakina. Ya ce, "Ke dai 'yar ƙauye, gaskiya kika faɗa. Ai ta sha mai, ko ba ta sha ba?" Ya yi dariya, dariyar ba ta kai ƙarshe ba. Ya ce ba kurkukun ke hana shi cin abinci ba, fuskar mutumin ce da aka cire masa hular. Wai ya sha sayar masa da sigari.

Uwar mamacin tana zuwa ƙofar shago ta kunna kyandir ta tsaya. Daga taga nake ganinta. Ba ta zagi, ba ta jifa. Rannan ta ɗago kai muka haɗa ido, na saki labule. Ban san me zan ce mata ba ko da ina jin yarenta.

Ina jin tsoro, Yaya. Ko an buga ƙofa sai na tambayi waye kafin in buɗe. Arwa kullum tana tambaya yaushe Baba zai hawo cin abinci.

Saura kwana goma sha huɗu. Jirgi kwana biyu ne kawai.

Taki,
Ganiya

Brooklyn
3 ga Ramadan

Zuwa ga Yaya Mus'id,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali.

Wannan taka ce, tunda dama kai kake karantawa. Yayata ba ta san baƙi ba, kamar ni. Na daɗe ina juya abin a raina. Na san Taƙiyya, ita ta goye ni. Da ta ji an ɗora wa Ghamdan bindiga a ka, ba zuma za ta aiko ba, gidan nan ba zai zaunu gare ka ba sai ka hau jirgi. Gaisuwar ka karanta mata, ka tsallake sauran. Ummu Nashwan ta ce in sassauta wannan maganar, na ce ta rubuta yadda na faɗa.

Na san tsoro kake ji kada su karɓe taka takardar zaman. Ba zan ce ban san tsoro ba.

To ka kwantar da hankalinka. An shiga kotu. Alƙali ya tambayi Hizam ko wansa ne ya ba shi bindigar. Lauya yana ta yi masa ido. Ƙanenka ya miƙe ya ce a'a, kai a kulle ka bar ta, shi ya buɗe ya ɗauka ba da saninka ba. Ina zaune a baya, tafinta yana faɗa mini a kunne. Ni da nake tsaye ranar da ka miƙa masa ita a naɗe cikin rawaninka, ka ce, "Riƙe, ƙanena, takardar tana bango." Wannan karon na yi shiru. Na koyi shirun, sai dai a makare.

Shekara ɗaya suka ba shi, daga nan jirgi, kuma ba zai sake shigowa ba. Da za su fita da shi ya juyo ya ce, "Ki gaya wa Yaya sunansa bai ɓaci ba." To na gaya maka.

Ban san ko in bi shi gida da yaran nan ba, ko in zauna inda aka haife su. Ban iya tunanin ba tukuna.

Bayan Salla lokacinka ne na karɓar shago. Makulli yana wurina, da rigar sanyin. Ba zan ba kowa ya kawo maka ba. Ka hawo sama da ƙafarka ka karɓa. Arwa ce ke buɗe ƙofa yanzu, duk wanda ya buga sai ta ruga, ta ɗauka babanta ne. Ka shirya abin da za ka ce mata.

Ka gaida mini Yayata. Wannan layin dai na san za ka karanta mata.

Matar ƙanenka,
Ganiya