'Yan Maɓallan Baba

Litinin, 3 ga Maris

Yaya ta kawo kaskon shukar Baba ta dire mini a baranda. Wai tunda ya koma gidanta jinya, yaranta ba za su bar abin ya yi rai ba. Tsiro talatin da huɗu ne, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, kore, cike da ruwa, ba reshe ba ganye. 'Yan maɓallai yake ce musu. Daga irin tsiron da ke tukunyar Mama ya shuka su bara, kuma uwar tsiron ta mutu wata biyu bayan Mama. In waɗannan suka tafi, shi ke nan.

Na je duba Baba, shanyewar ɓarin jikin ba ta sake shi ba. Bakin har yanzu a karkace, magana da ƙyar. Ya riƙe ni da hannun da ke aiki, ya ce, "Auta, da zafi barci suke. Kar ki ba su ruwa." Na ce to. Shekara goma sha tara ina nas, tsiro ne zai gagare ni?

Alhamis, 13 ga Maris

Zafi ya fara da gaske. Na matsar da kaskon sau uku yau. Ba na iya zama.

Asabar, 22 ga Maris

Sun yamushe. Fata ta tattare, launi ya koɗe. Da a gadon asibiti na ga mutum haka, da tuni na ɗaura masa ƙarin ruwa. Baba dai ciwo ya taɓa shi a kai, wa ya sani ko maganar tasa daidai take? Allah Ya yafe mini wannan tunanin.

Na ɗauko sirinji. Ɗigo biyar biyar kawai. Ai wannan ba ban ruwa ba ne.

Talata, 1 ga Afrilu

Safe da yamma yanzu, har takarda na manna a bango ina yin alama. Maigidan ya tsaya yana kallona, ya ce saura in auna musu hawan jini. Ban yi dariya ba.

Gidan Yaya ma mun yi 'yar tsama. Na tarar da Baba yana barci da hantsi, na tashe shi motsa hannu. Ta ce in bar bawan Allah ya huta. Na ce wa ya karanci abin, ni ko ita?

Laraba, 9 ga Afrilu

Shida sun narke. Na taɓa ɗaya, ya fashe a yatsana, ga wari.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Saura goma sha tara. Duk zuwa abu ɗaya Baba yake tambaya, nawa. Na ce talatin da huɗu, Baba, suna lafiya. Ya yi murmushin nan nasa na rabin baki. Na shiga banɗakin Yaya na buɗe famfo don kar a ji ni.

Juma'a, 2 ga Mayu

Na ɗauki biyu a murfin kwalba na kai wa tsohon nan mai sayar da furanni a bakin titin asibiti. Ya tono ɗaya da tsinke, ya nuna mini saiwar, baƙi ƙirin. Ya ce irin waɗannan in zafi ya zo sukan janye ruwan tsohuwar fatarsu su lulluɓa da ita, sabon yana ciki yana jira. Ruwa a lokacin nan dafa su yake yi. Sai ya tambaye ni aikin me nake, na faɗa. Ya ce, "Ai shi ya sa. Hajiya, waɗannan ba marasa lafiya ba ne."

Na ji haushinsa har gida. Na yage takardar bangon.

Saura bakwai.

Litinin, 19 ga Mayu

Kwana goma sha bakwai ba ɗigo. Sun bushe sun zama kamar ɓawon tafarnuwa. Hannuna ƙaiƙayi yake. Na ba maigidan sirinjin ya ɓoye, jiya kuma na birkice durowarsa ina nema. Na wanke labule, na sake jera kwanuka, na goge firij ɗin da na goge shekaranjiya. Tsoro nake ji, gaskiyar ke nan. Ban san ko barci suke ba ko gawa nake gadi.

Asabar, 7 ga Yuni

Na faɗa wa Baba. Ban shirya ba. Ya ce nawa, bakina ya ce bakwai. Na ce ni na kashe su, Baba, ruwa na ba su. Ya daɗe yana kallon silin, har na ɗauka bai gane ba. Can ya ce, "Na farkon da Mamanku ta samu, ni na kashe mata. Da buta." Ya huta, ya ƙara, "Kama da ni kika yi."

Ban san ko yafiya ce ba. Yaya dai ta miƙo mini gefen mayafinta.

Lahadi, 15 ga Yuni

Gari ya yi sanyi kwana uku. Da safe na ga ɓawon guda huɗu ya tsage, kore na leƙowa, ɗaya ma kai biyu ya fito da shi. Sauran ukun shiru. Ban taɓa su ba.

Na ɗauki hoto na ruga gidan Yaya, ko karyawa ban yi ba. Na tarar yana barci, baki a buɗe, hannun nan a kan ƙirji. Lokacin motsa hannu ya yi har ya gota. Yaya ta tsaya a ƙofa tana jiran mu fara.

Na ja kujera na zauna, wayar a cinyata. Sai sha ɗaya da rabi ya farka.