Kafin Ka Ɗauko Innarka a Mota

Zuwa ga ɗana Muttaƙa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mutanen Agadas. Allah ya ƙara maka lafiya da basira. Mu nan Badagishiri sai godiya. An gama yankan gero, mata sun koma lambu, ni kuwa ina ta fama da lakwal, aji ya cika maƙil, ƙafafuna sun fara gaya mini shekaruna.

Na ji ka sami permin tuƙi, kuma kai za ka tuƙo innarka Ummusalma gida idan ta gama ganin likita. Na yi murna ƙwarai, amma akwai abin da ya dame ni. Direbobinmu da yawa sun ɗauka allon nan mai lamba hamsin a bakin gari don jandarma aka kafa shi. Shi ya sa suke kallon motar da ke tahowa: in ta kyafta musu fitila, sun san akwai jandarma a gaba, sai su rage gudu, in ba ta kyafta ba, sai su taka mai. Ina tsoron kai ma haka aka koya maka.

Ran kasuwar da ta wuce, maƙwabcinmu Yakuba ya fito da amalanken jakinsa zai tsallaka kwalta. Wani direba ya shigo gari a guje don ba wanda ya kyafta masa fitila. Ya taka birki, motar ba ta tsaya ba sai da ta kwashi amalanken. Jakin ya mutu nan take, Yakuba yana kwance a asibitin Konni da karaya biyu. Direban ya yi ta rantsuwa wai ya gan shi tun daga nesa. Na yarda da shi, ya gan shi ɗin. Wallahi na gaji da zuwa dubiya, Muttaƙa. Bana wannan ce ta huɗu.

Washegari na roƙi abokin aikina Malam Awal muka fita da motarsa bayan gari. Muka ja layi a ƙasa, ya zo da gudun hamsin, da ya kai layin na ɗaga hannu ya taka birki, na auna da ƙafa daga layin zuwa inda motar ta tsaya: taki talatin da biyar. A gudun tamanin sai da na wuce saba'in.

Kada ka yarda da maganata kawai. Kafin ka ɗauko innarka, nemi fili inda ba kowa, ka ja layinka, ka auna da ƙafarka. Sannan ka tsaya a inda motar ta tsaya, ka waiwaya ka dubi layin.

Ka gaishe mini da innarka, Allah ya ba ta sauƙi. Nafisa da A'ishatu suna gaishe ku.

Kawunka,
Illo