Dalma a Ramin Yumɓuna

Litinin, 3 ga Maris

'Yata Auta ta sake faɗuwa da safe, tana karkarwa, haƙora a datse. Shekararta shida, amma ko cokali ba ta iya riƙewa yanzu. Likita ya ce dalma ce a jininta. Ya tambayi sana'ata, na ce ginin tukwane. Sai ya ajiye biro.

Alhamis, 6 ga Maris

Asibiti sun turo wata mai gwajin ƙasa. Na kai ta ramin da nake haƙar yumɓu shekara goma sha tara. Ta tsaya tana kallon saman gangare, inda ƙanena Dogo yake fasa tsofaffin batiran mota. Ruwan batir yana biyo kwata har bakin ramina. Ni na ba shi filin nan, da bakina.

Ta ce da yashi ne, da ruwa ya wuce da wani abin. Yumɓu kuwa kama dalma yake ya riƙe gam. Ruwan sama ba ya wanke ta, wutar gashin tukwane ba ta ƙone ta. "Amma da an zuba abu mai tsami a tukunyar, sai ta saki." Ga kuma ƙurar rumfata, inda Auta ke wuni tana wasa.

Asabar, 8 ga Maris

Sakamako ya fito. Yumɓuna ne.

Lahadi, 9 ga Maris

Matan layinmu sun zo da tukwanen da suka saya a wurina, suna rotsa su a ƙofata. Matar tela ta jefe ni da murfin randa, goshina ya tsage. "Kin shayar da 'ya'yanmu guba!" Ban ko kare fuska ba. Da suka watse na ɗauki taɓarya na shiga rumfa na farfasa sauran, har randar da muke sha. Hannuna duk jini. Ban ji zafi ba sai da na zo wankewa.

Talata, 11 ga Maris

Dogo ya zo ya durƙusa a tsakar gida. "Yaya, wallahi ban sani ba." Na ce ruwan da ke cinye maka takalmi ne ba ka sani ba? Dutsen gogar tukunya yana hannuna. Na kwaɗa masa a baki, haƙori ya faɗo. Na ce daga yau ba ni da ƙane, duk abin da ya same shi ba ruwana.

Baban Auta yana bakin ƙofa yana ji.

Laraba, 12 ga Maris

Da rana tsaka Baban Auta ya ja mazan layi suka hau gangare da shebur da jarkar fetur. Ina tsaye a bakin ramin. Batira suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi baƙi ƙirin. Sun jawo Dogo waje suka rufe shi da duka. Daga inda nake na ji yana kiran "Yaya! Yaya!" har muryar ta ɗauke. Ban motsa ba.

'Yan sanda sun tafi da Baban Auta.

Juma'a, 14 ga Maris

Mai gwajin ƙasa ta dawo, ta ga toka ta rufe gangaren. Ta ce, "Ruwan farko zai kwaso duk wannan ya kawo wa yumɓun nan, shi kuma ba zai saki ba." Wai sai an kwashe ƙasar da mota. Wa zai kwashe?

Alhamis, 20 ga Maris

Auta ta fara karɓar magani a asibiti. Yau ta zauna da kanta, har ta yi mini tsiwa.

Da zan fito na bi ta ɗakin maza. Kuskuren hanya ne. Dogo yana gadon ƙarshe, hannu biyu a ɗaure da bandeji, leɓe ya bushe ya tsattsage. Nas ta ce dalmar da ke jininsa ta fi ta Auta, kuma tun da aka kawo shi ba wanda ya leƙo. Na tallafo kansa na ba shi ruwa. Ya so ya yi magana, na ce yi shiru.

Ba yafewa na yi ba. Kofin ne ya yi masa nisa.