Ranar da Baba Ya Kasa Cewa Ɗana Ne

Zuwa ga Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, a duk inda wannan takarda ta same ka. Zan ba direban da ke kai shanu kudu, ko Allah zai sa ya dace da wanda ya san ka.

Shekara huɗu ke nan ba ka tako Ɗanzomo ba. Na san dalili, don ina wurin.

Shekarar fari ce, gero ya ƙone a tsaye. Ka tafi Maigatari neman aikin kora shanu. Ka san yadda aikin yake: mutum ya zauna bakin kara, kasuwar shanu, da sandarsa, har wani dillali ya kira shi. Wannan zaman shi ne neman aikin. 'Yan sanda suka zo suka ce zaman banza ne, suka kwashe ku a mota zuwa Gumel. 'Ya'yan attajirai suna rumfa suna dara tun hantsi, ba wanda ya ce musu kanzil. Ashe ita doka riga take dubawa.

Ni da Baba muka bi ka a ƙafa. Alƙali ya ce duk wanda ubansa ya tsaya masa, a sallame shi. Da aka zo kanka, aka tambayi Baba ko ɗansa ne.

Yaya, kai ne ɗan fari. Tun da aka haife ka Baba bai taɓa kama sunanka ba, bai taɓa ce maka ɗana a gaban mutane ba. Haka ya taras, haka ubansa ya yi masa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Na dai san shi, yaron gidanmu ne."

Alƙalin nan ba baƙo ba ne. Ya san kunyar ɗan fari sarai, watakila shi ma yana yi a gidansa. Amma mutane sun cika zaure, azahar ta kusa. Ya ce sani ba tsayawa ba ne, ya ba ka wata uku.

Ni kuma da bakina na yi shiru, wai ƙarami ba ya magana gaban uba. Wannan shirun yana cina har yau, kuma ina jin kunyarka.

Na ga kallon da ka yi wa Baba da za a fita da kai. Da aka sake ka, ka hau mota a Gumel, ko kayanka ba ka zo ɗauka ba.

Ba ƙin ka ya yi ba, wallahi. Da muka koma gida, kwana uku bai ci tuwo ba.

Yanzu ƙafa ta yi masa nauyi, ido ya rage. Duk da haka kowace Alhamis sai ya hau jaki ya je tashar Maigatari, ya zauna yana duba masu saukowa daga mota. Sau biyu ɗan sanda yana korarsa. Makon jiya ya ce in ya sake ganinsa zaune ba aiki, Gumel zai kai shi. Aka tambaye shi wa yake jira, har yanzu ya kasa faɗa.

Ka zo, Yaya, tun yana iya gane ka.

Allah ya tsare ka, ya sanyaya zuciyarka, ya juyo da kai gida.

Ni ne ƙaninka,
Sale