Rabin Ganyen da Kika Bari a Ƙofata

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, Mai Zane, wadda yatsunta ke sa busasshen katako ya yi fure!

Gaisuwa daga mai gyaran rediyon nan naki, wanda kika mayar mai gadin ƙofa.

Wai ke wa ya koya miki? Na sha ganin masu zane, su auna su ja layi, fuska a murtuke kamar an yi musu dole. Ke kuwa sai kin kunna waƙa tukuna. Ganga ta buga, ki ɗiga ɗigo. Sarewa ta ja, ki lanƙwasa reshe. Mawaƙiya ta tsaya numfashi, ki bar fili. Wallahi na taɓa shagala da kallonki har ƙarfen liƙin waya ya ƙona ni, ban ji ba sai da na ji ƙauri!

Kin tuna ranar da kika zo zana ƙofar shagona? Kina kan kujerar nan da ƙafarta ɗaya ke rawa, ga shuɗin fenti a gefen hancinki, na ƙi gaya miki don ya yi miki kyau. Furanni suka yi ta hawa ƙofar kamar yaɗon kabewa da damina. Sai ƴar rediyonki ta shaƙe, kaset ya naɗe a tsakiyar waƙa. Hannunki ya tsaya cak a rabin ganye. Na roƙe ki, ganye ɗaya ne fa! Kika ce waƙar da ta fara zane ita ke ƙarasa shi, kika tattara buroshinki kika bar mini rediyon.

Yanzu yayarki ta ce an kira ki aiki nesa, za ki ƙawata wani katafaren ɗakin taro, kuma ba lallai ki dawo ba. Na yi murna, kin cancanta, amma zuciyata ta yi nauyi. Wanda ya ba ni hayar shagon kuma ya ce tunda zanen bai kammala ba, zai shafe ƙofar da fenti ruwan toka. Ruwan toka, a kan furanninki! Na ce masa sai dai ya shafe ni tare da ita.

Na gyara rediyon, abar ƙaunata. Na warware kaset ɗin da biro, na liƙa inda ya tsinke. Ƙanwata na ta yi mini dariya, wai mai gyaran rediyo ne ke tsoron danna maɓalli. Ta yi gaskiya, ban kunna ba.

Ki zo kafin ki tafi. Ki ƙarasa ganyen, ki kuma ba ni izinin turo iyayena wurin naki. In kin ce in jira, zan jira. Waƙar tana nan daidai inda ta tsaya, kuma ba zan ji ƙarshenta ba sai kina kusa da ni.

Naki har numfashina na ƙarshe,
Mai gadin rabin ganye